Darasi na Bakwai: Wa Zai Sa wa Kamfanin Sola Ido?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon mun koyi karanta lambobin da ke jikin mita da yadda ake loda kati, to yau zamu taɓo maganar mutanen da gari ke zaɓa su tsaya tsakaninmu da kamfanin da ya kawo mana wutar sola, wasu na ce musu kwamitin wuta wasu 'yan kwamitin sola, duk dai abu ɗaya ne. Wanda karatunsa ya yi ƙarfi ya ja na kusa da shi, malami kuma don Allah kar a yi sauri.

Da farko mu gane irin wutar da muke magana a kai. Ba ta NEPA bace, ba kuma ƙaramar solar nan da mutum ke ɗorawa a kan kwanon ɗakinsa ba. Tasha ce guda da ake kafawa a gefen gari, a shimfiɗa farantan sola a fili a zagaye da waya, a gina ɗakin batura da inbata, wani wurin har da janareta na ko-ta-kwana, daga nan a ja wayoyi a kan falwaya zuwa gidaje da shaguna, kowa da mitarsa. Hukumar kai wuta karkara ta tarayya, REA, ita ke jan ragamar irin wannan aiki a Najeriya da tallafin Bankin Duniya. A ƙarshen 2019 aka buɗe irinta a garin Rokota na jihar Neja, kuma 'yan kasuwar Sabon Gari a Kano ma sun san wutar sola ta mita a shagunansu. Amma ga inda mutanenmu ke rikicewa: ko da gwamnati ta sa tallafi, mai tashar ɗan kasuwa ne, kuɗinsa ya zuba kuma riba yake nema. Ba sadaka ya zo yi ba, mu ma ba bara muka zo ba, ciniki ne. Shi kuwa ciniki in ba mai lura sai ɗaya ya kwari ɗaya.

Abin da doka ta ce a taƙaice

Hukumar da ke kula da harkar lantarki ana ce mata NERC. Ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshi a 2016, ta sabunta ta a 2023. A ƙa'idar 2023 ɗin, tashar da ƙarfin wutarta ya wuce kilowat 100 har zuwa megawat 1, wato kilowat 1000, dole ta karɓi izini, ƙaramar da bata kai haka ba tana iya yin rajista kawai. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne kamfani baya faɗo wa gari daga sama, akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninsa da al'umma, in kuma wayoyin kamfanin rarraba wuta irin su KEDCO za a yi amfani da su to yarjejeniyar ta mutum uku ce, gari da mai sola da kamfanin rarrabawa. Sannan tun da aka sa hannu a dokar lantarki ta 2023 wasu jihohi sun kafa tasu hukumar, don haka kwamiti ya tambaya tun wuri, mu nan wa ake kai wa ƙara, ta jiha ko ta tarayya?

Shi kwamitin nan na shawara ne, a riƙe wannan da kyau. Ba shi da tashar, ba zai kori injiniya ba, ba zai tashi da safe ya yanke kuɗin yunit ba. Wani zai ce to meye amfaninsa kenan? Bari in baku labari.

Akwai wani gari da na koyar da ajin manya, ba zan faɗi sunansa ba balle na kamfanin. Hunturu ya shigo sai wuta ta fara ɗaukewa tun bayan isha'i, wuraren ƙarfe tara gari yayi duhu ɗif, masu firiza suna kuka ƙanƙara bata haɗuwa, mai cajin waya yana ta rigima da mutane. Aka kira manajan kamfani ƙofar gidan dagaci, ya zo da motarsa da kwamfuta a hannu. Shugaban kwamiti ya miƙe ya ce:

"Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, mu dai wutar nan kullum ɗaukewa take, mun gaji."

Manaja ya duƙa ya gaida dagaci ya juyo ya ce, "Baba kullum ɗin nan wace rana ce? Ƙarfe nawa? Ni kwamfutata bata nuna min haka ba."

Shiru. Wannan ya ce shekaranjiya, wancan ya ce a'a ranar kasuwa ce, wani ya ce shi dai ya san ranar da aka yi sunan gidan wane ba wuta. Manaja ya ce zai duba, aka yi addu'a aka tashi, wallahi ko kunyarmu bai ji ba, kuma in za a faɗi gaskiya bamu bashi abin riƙewa ba.

A ajin nan akwai wata dattijuwa mai injin markaɗe, watanta biyar kenan da fara riƙe fensir, baƙaƙenta manya-manya kamar za su faɗo daga layi. Ita ta ce min, "Malam, in na rubuta lokacin da take ɗaukewa zasu yarda?" Na ce Inna gwada mu gani. Ta samu littafin makarantar jikanta mai layi, ta aje a gefen fitila, duk dare in wuta ta ɗauke sai ta duba agogon waya ta rubuta, in ta dawo da safe ta rubuta. Wata guda cur. Da manaja ya dawo aka miƙa masa littafin, har da tabon manja a bango, ya buɗe yana bi layi-layi sai ga shi ya gyara zama. Da aka bincika abu biyu ne. Farantan sun yi makonni ba a wanke ba, ƙurar hunturu ta lulluɓe su don yaron da ke wankewa ba a biya shi ba ya daina zuwa, to batir baya cika da rana ina zai kai dare? Wannan laifin kamfani ne. Na biyun kuma namu ne, wasu mutum biyu sun yi baifas sun zagaye mita suna jan wuta da dare. Kun ga da baki kawai aka ci gaba da yi da har yau ana nuna wa juna yatsa.

To ƙarfin kwamiti a littafin nan yake, kuma shi ya sa na sako darasin nan cikin karatunmu.

Yadda ake jan layi a littafin: a raba shafi gida huɗu. Gida na farko kwanan wata, na biyu lokacin da ta ɗauke, na uku lokacin da ta dawo, na huɗu unguwa ko abin da aka lura. Misali:

Talata 14 ga wata. Ta ɗauke 9:10 na dare. Ta dawo 7:30 na safe. Duk gari.
Laraba 15 ga wata. Ta ɗauke 2:00 na rana. Ta dawo 2:40. Layin kasuwa kawai, fitila na rawa kafin ta ɗauke.

Gara mutum biyu su riƙe littafi a unguwanni daban, saboda wani lokacin matsalar layi ɗaya ce ba ta tasha ba.

Su wa za a sa a kwamiti?

Nan ne ake yawan ɓata rawa da tsalle. Sai kaga an tara manyan gari zalla, masu faɗa a ji, alhali ba wanda a cikinsu ya taɓa tsayawa a kan injin niƙa wuta ta ɗauke masa da hatsin mutane a ciki. Ni a ganina dagaci ko mai unguwa ya zama uban kwamiti, a kai masa rahoto, amma kar ya zama shi ne shugaba, don ranar da aka saɓa da kamfani ana buƙatar wanda zai yi sulhu kuma ba kowa ke iya musu da mai sarauta a gaban jama'a ba. A sa mai sana'a da ke shan wuta sosai kamar mai walda ko mai niƙa, a sa talakan da ƙwan fitila biyu ne kawai a gidansa don shi ƙarin naira kaɗan ma yana jinsa a jiki, a sa matashi da ya iya waya, a sa mata. Maganar mata kam ba ta ado bace, su ke gida da rana, su ke zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, su suka fi kowa sanin yaushe ta tafi yaushe ta dawo. In zaman ƙofar fada bai dace da su ba to su yi nasu zaman a cikin gida wakiliyarsu ta kawo a rubuce.

Wanda ba za a sa ba shi ne ejen da ke sayar da katin kamfani, ko da ɗan gari ne mutumin kirki, abincinsa a can yake. Kuma ɗan kwamiti kar ya karɓi wutar kyauta. Kun dai san in baki ya ci ido sai ya ji kunya. A sa wa'adi, shekara biyu misali, a sake zaɓe.

Lissafin yunit

Ɗan kwamitin da bai san yunit ba za a yi ta juya shi da turanci. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 ya yi aiki na awa ɗaya. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya cinye yunit ɗaya. Fanka mai wat 50 awa 20. Dutsen guga mai wat 1000 kuwa awa ɗaya tak ya lashe. Shi yasa zaka ji mutum na rantsuwa mitarsa na sata alhali hita ake jonawa a gidan da asuba a dafa ruwan wanka. Kafin kwamiti ya ɗauki ƙarar mutum a je gidan da izininsa a ƙirga kayan da yake kunnawa. In lissafi bai yi daidai da mita ba, sannan a nemi kamfani ya gwada mitar a gaban shaida.

Yawanci yunit ɗin sola yafi na NEPA tsada, ba sai an ɓoye ba, batura da farantai daga waje ake sayo su da dala kuma batir yana tsufa dole a canza. Amma a gwada da kuɗin fetur na janareta tun da aka cire tallafin mai a 2023, mai shago ya fi kowa sanin bambancin. Duk da haka in kamfani ya zo da maganar ƙarin kuɗi ba a ce to kawai. A tambaye shi dalili a rubuce, a tambaye shi ko hukuma ta amince ya nuna takarda, a tambaye shi yaushe zai fara, kuma a tara gari a faɗa musu kafin ranar, ba mutum ya je loda kati ya tarar yunit ya ragu ba.

Takardar yarjejeniya kuma kwamiti ya riƙe kwafi nasa, kar ta zauna a ofishin kamfani kaɗai ko a akwatin mutum ɗaya da in ya yi tafiya shikenan. A sa wani ya fassara ta da Hausa a karanta a bainar jama'a. Ku saurari wuraren nan: filin da aka bayar aro ne ko haya ko sayarwa kuma na shekara nawa, awa nawa aka yi alkawarin wuta a rana, kwana nawa gyara zai ɗauka in abu ya lalace, me zai faru in wata rana layin babbar wuta ya iso garin. Akwai ɗaya da kusan kowa ke mantawa, tsofaffin batura. Wasu na da dalma da ruwan asid a ciki, guba ne, kar a bari a jibge su a bayan tasha yara na wasa ko masu gwangwan su zo suna fasawa kusa da rijiya. Kamfani ne zai kwashe kayansa, a sa shi ya faɗa a rubuce.

In za a kai koke ba sai an yi dogon turanci ba, kuma ba zagi. Ga yadda za a iya rubutawa, kowa ya kwafa a littafinsa:

Zuwa ga manajan tashar sola. Bayan gaisuwa, mu kwamitin wuta na garin nan muna sanar da kai cewa daga ranar kaza zuwa ranar kaza wuta ta ɗauke sau kaza kafin ƙarfe goma na dare. Mun haɗo da kwafin littafinmu. Muna neman bayani da gyara cikin kwana 14. Sa hannun shugaba da sakatare.

A yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan namu. A ɗau hotonta a waya. In an yi shiru an sake tunatarwa an kuma yin shiru, to da waɗannan takardun ake zuwa hukuma, don can ma abin da zasu fara tambaya kenan, kun faɗa wa kamfanin? ina shaida?

Sai dai kwamiti ya sani bulalar nan baki biyu gare ta. Ranar da aka kama ɗan gari da baifas, ko yara na jifan farantai da dutse, ko wani ya ɗaure akuyarsa a jikin wayar tasha, su ne zasu fara zuwa su yi magana ko da ƙanin shugaban kwamitin ne.

Aikin aji

Ku rabu uku-uku. Ɗaya manaja, ɗaya shugaban kwamiti, ɗaya mai riƙe da littafi, ku yi zaman nan na ƙofar dagaci sau biyu, da farko ba littafi, na biyu da littafi.

Ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku: kwamiti, mita, yunit, batir, yarjejeniya, koke.

Lissafi: gida na da ƙwan fitila 4 masu wat 10, ana kunna su awa 5 kullum. Wat nawa kenan a rana? Kwana nawa zasu cinye yunit ɗaya? In yunit naira 300 ne, misali kawai, nawa gidan zai kashe a kwana 30?

Aikin gida: daga daren yau kowa ya ja layi huɗun nan a bayan littafinsa ya rubuta na kwana bakwai, wanda garinsu ba sola ya rubuta na NEPA. Ku zo da shi ranar Asabar, zamu haɗa na kowa mu ga ko agogonmu sun yi daidai.