Yadda na canza injin wutsiyar helikwaftana mai rimot

Alhamdulillahi, ƙaramin helikwaftan ya daina juyi kamar katantanwa. Da ya ɗaga daga ƙasa sai jikinsa ya yi ta kewaya kansa. Na taɓa maɓallin daidaita wutsiya a rimot, ba canji. Batir ma lafiya lau, 4.2V yake nunawa a cike.

Da na juya farfelar wutsiya, wadda ke hana jikin jirgin juyi, da yatsa sai na ji tana cijewa. Ƙurar hunturun Gombe ta shiga ɗan injin, burushinsa, wato ƙananan ƙarafan da ke kai wuta a cikin injin, ya cinye.

Na cire batir, na ɗauki hoton inda wayoyin injin biyu suke a jikin allon lantarkin jirgin, sannan na narka dalmar. Kafin in zare su daga bututun wutsiya na ɗaura musu zare, da shi na jawo sababbin. Na sa sabon inji mai kauri ɗaya da tsohon, milimita 7. A nan ake bukatar natsuwa: in aka juya wayoyin, farfela baya za ta yi, jirgin ya ƙara haukacewa. Na gwada shi riƙe a hannu tukuna.

Bayan haɗa batir na bar shi a shimfiɗaɗɗen siminti har fitilar jikinsa ta daina ƙyaftawa, sannan ya tashi sambal. Godiya ga mai gyaran wayar unguwarmu da ya ara mini ƙarfen narka dalma.