Yaron da ya gagari aji: ta ina malami zai fara?

Kafin ka laƙaba wa yaro sunan gagararre, ajiye ɗan littafi a aljihu. Duk sanda ya hargitsa aji, rubuta abin da ake yi kafin ya fara, abin da ya aikata, da abin da ya biyo baya. Yi haka na mako biyu ba tare da ya sani ba, za ka ga rigimar tana da lokacinta.

Na koyar da wani yaro da lafiya lau yake zaune a darasin lissafi. Da an ce kowa ya buɗe littafin karatu kuwa, sai ya fizge biron na kusa da shi, ko ya riƙa kwaikwayon muryar malami, har a kore shi waje. Ashe korar yake nema. Gara a kira shi mara kunya da a gane bai iya haɗa baƙi ba. Da aka daina tsayar da shi ya yi karatu a gaban 'yan ajinsu, muka riƙa zama na minti goma bayan an tashi, sai tsokanar ta ragu sosai. Wani kuma kunnensa ne ba ya ji da kyau, ko ba ya ganin allo, ko barci ne bai ishe shi ba. Waɗannan a fara bincikarsu tare da iyaye.

In abin ya tashi, kada ka daka masa tsawa daga gaban allo, don ka tara masa 'yan kallo ke nan. Matso ka tsaya a gefensa, ka sassauta murya, ka ba shi zaɓi: "Ko ka ƙarasa aikin a nan, ko ka dawo kujerar gaba." Sai ka wuce abinka. Mafi yawansu sukan bi umarni da zarar an ɗauke musu ido.

Yabo ma kada ya tsaya a "yaron kirki". Faɗi abin da ka gani: "Na lura ka jira har abokinka ya gama magana." Iyaye kuwa, a ganina bai dace a ce sai ranar ƙara kaɗai suke jin muryar malami ba, kai musu labari mai daɗi tun kafin ka buƙace su.

Idan ya kai ga zai ji wa kansa ko wani rauni, janye sauran yaran, aika a kira wani malami, sannan ka rubuta wa shugaban makaranta abin da ya faru a ranar.