Yadda nake gane wanda ya ƙera tsohuwar tankar mai

Duk lokacin da aka nuna mini tsohuwar tanka aka ce wane kamfani ne ya yi ta, sai in tambaya: kan motar ake nufi ko tankin? Yawanci masu ita biyu ne. Wani ya ƙera kai da shasi da inji, wani daban ya yi tankin ya ɗora. Tankar nan ta Texaco ta shekarun 1930 da ake kira Doodlebug, Diamond T ne ya yi motar, Heil kuma ya yi tankin. Sunan Texaco da ke jikinta na mai sayar da man ne. Haka Shell ko Esso in ka gani a jikin tanki: fenti ne, ba shaida ba.

Kafin ka taɓa komai, ka tuna tankin da ya shekara ashirin a ajiye yana iya riƙe tururin fetur. Kada wuta ko sigari ko injin gurza ƙarfe su matso kusa, kuma kada ka zura kanka ciki. Wannan ba na wasa da shi.

Fara da fuskar motar. Tambarin kare a tsaye bisa bonet, Mack ce. Zaki na MAN ne, wanda ya gada daga kamfanin motoci na Büssing bayan ya haɗiye shi a 1971. In ka buɗe bonet ba ka ga lagireto ba, sai ƙatuwar fanka da silinda masu haƙarƙari, ka yi zaton Magirus-Deutz, don injinta da iska yake hucewa. Gajeren hanci mai kumburi kuwa na Mercedes-Benz ne, irin wanda suka fara a 1959.

Amma fuska tana yaudara, ni ma ta taɓa yaudarata. Na yi kwana biyu ina rantsuwa a kan wata mota saboda tambarin gabanta, ashe kan gaba ɗaya daga wata aka ciro aka ɗora mata bayan hatsari. Tun ranar na daina yanke hukunci sai na kwanta a ƙarƙashi.

Abin da nake nema shi ne lambar da aka buga a jikin ƙarfen shasi, galibi can gaba kusa da taya. Giris da laka sun rufe ta. Ka jiƙa tsumma da kananzir ka goge, ka bi da burushin tagulla a hankali. Kada ka haska tocila kai tsaye, ka kwantar da hasken daga gefe, sai ka ga lambobin sun taso da inuwarsu. In tsatsa ta ci su, ɗora farar takarda ka goga fensir a kai. Sau da yawa abin da ido ya kasa, takarda ta fito da shi.

Sai ka ƙirga. In haruffa da lambobi 17 ne, motar daga wajen 1981 zuwa sama take, kuma ukun farko su ne sunan kamfanin: WDB na Mercedes-Benz, 1M1 ko 1M2 na Mack. A wannan tsarin babu I, O da Q, saboda haka abin da ya yi maka kama da O sifili ne. In lambar gajera ce, mai yiwuwa ta girmi tsarin, lokacin kowane kamfani da salonsa. Kwatanta ta da ta farantin da ke jikin ƙofa. In sun saɓa, ta shasi za ka kama. Lambar inji ba na dogara da ita, an cika sauya inji.

Tankin yana da nasa farantin, yawanci a gefe ta gaba, ɗauke da sunan maƙerin, shekara da yawan abin da kowane ɗaki ke ci. A tankunan Amurka za ka ga sunaye irin Heil ko Fruehauf, da MC 306, ƙa'idar ƙera tanki da DOT 406 ta maye gurbinta a shekarun 1990. In farantin ya ɓace, manna mayen ƙarfe: in bai kama ba, mai yiwuwa alminiyam ne. Tankin da aka haɗa da ƙusoshi a jere ya girmi na walda. Ɗauki hoton marufan sama da bawul, ka rubuta duk sunan da ke jikinsu, amma ka sani wannan sunan mai yin kayan ne, ba lallai na mai tankin ba.