Yadda na kashe rigimar kifayen mbuna a tankin gilas

Mbuna 'yan tafkin Malawi ne, dangin karfasa, kuma kowane namiji sai ya kama ramin dutse ya ce nasa ne. Babban cikin nawa ya hana sauran sakat, har ya yayyaga musu wutsiya.

Na kwashe su cikin bokiti da ruwan tankin, na rushe duwatsun kaf, na sake jera su da tsayi da ramuka da yawa, yadda wanda aka koro zai ɓace wa mai korarsa. A ganina wannan ne ya fi aiki. Mafaɗacin shi na mayar a ƙarshe, fitila a kashe. Na ƙara mata, uku ga kowane namiji, na sa matatar ruwa mai ƙarfi saboda yawansu.

Yanzu kora ba ta daɗewa, kowa na samun abinci.