Kafin ka ɗora ɗakin kwana a bayan Hilux, ka auna motar tukuna

Salam 'yan uwa. Masu son a ƙera musu ɗan ɗakin nan da ake zurawa a bayan fikof saboda doguwar tafiya Legas zuwa Arewa, don Allah kar ka ba mai walda ko sisi sai ka hau sikeli.

Buɗe ƙofar direba, galibi a jikin ginshiƙin akwai sitika, nemi inda aka rubuta GVWR (a wasu motocin GVM ake rubutawa). Wannan shi ne iyakar nauyin motar gaba ɗaya da duk abin da ke cikinta. Sai ka cika tanki, ka ɗauki mutanen da kuke tafiya tare, ku je sikelin manyan motoci a auna. Cire abin da sikeli ya nuna daga GVWR, ragowar shi ne abin da ya rage maka, kuma ba na ɗakin kaɗai ba ne fa, har katifa, tukunyar gas, janareta da ruwa, ruwa lita 100 kilo 100 ne cif.

Kayan nauyi su zauna gaba da tayoyin baya, kusa da kan mota. In suka koma can wutsiya gaba zai yi sama, sitiyari ya yi sako-sako, birki ma ba zai kama yadda ya kamata ba, a titin Ibadan wannan ba wasa ba ne.

Ƙara sifirin ba ya ƙara GVWR, birki da aksil suna nan yadda suke.

Inda dabarar ba ta aiki, tokunbo da aka yi wa fenti sitikar ta ɓace. Nan sai ka nemi littafin motar ko ka bi lambar shasi.