Yadda za ka rubuta manufar aikin manhaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga masu shirin neman shiga Google Summer of Code, shirin da Google ke gudanarwa tun 2005 inda mahalarta ke yi wa ƙungiyoyi aikin rubuta manhaja, ku sa ido sosai a sashen manufa na takardar bayanin aikin da za ku gabatar, domin nan ne takardu da yawa ke yin rauni.

Sai ka ga mutum ya rubuta "zan inganta manhajar". Wane ɓangare zai inganta? Kuma ta yaya mai duba aikin zai san ya gama? A ganina, duk manufar da ba za a iya cewa an cika ta ko ba a cika ba, buri ce kawai. Gara ka ce: "Zan sa manhajar ta riƙa fitar da rahoto a PDF, in rubuta gwajin da zai tabbatar yana aiki, in kammala kafin mako na 6." Wannan kowa zai iya auna shi.

Ka kuma duba girman aikin. Akwai na kusan sa'o'i 90, da 175, da 350. Idan na 175 ka zaɓa, kada ka jera manufofi 10 don ka burge su, masu duba takardar sun san abin da lokacin zai iya ɗauka. Manufa 3 ko 4 sun isa, sauran ka ware su daban a matsayin ƙari idan lokaci ya rage.

Abin da aka fi mantawa shi ne faɗar abin da ba za ka taɓa ba. Layi guda kamar "aikin bai haɗa da sauya fuskar manhajar ba" yana hana saɓani daga baya.