Yadda ake buga wa adireshin komawa hatimi a manhajojin Arm

A furosesan Arm mai bit 64, adireshin da aiki (wato function, sashen manhaja da ake kira ya yi wani abu) zai koma bayan ya gama yana zama a rajistar x30, ɗaya daga cikin ƙananan ma'ajiyoyin cikin furosesa. Idan aikin zai kira wani, sai a sauke adireshin a sitak, wato ma'ajiyar wucin gadi a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma nan ne mai kutse yake samun damar sauya shi da nasa. Tsarin Armv8.3-A ya kawo maganin haka, wato hatimin sirri da ake ƙirƙira daga adireshin, da mabuɗi mai bit 128, da matsayin sitak a lokacin, sannan a cusa shi cikin manyan bit na adireshin da ba a amfani da su.

Kunna shi ba wuya. A kwamfaila (mai fassara rubutun manhaja zuwa umarnin na'ura) irin GCC 9 zuwa sama, ko Clang, a ƙara -mbranch-protection=pac-ret cikin umarnin haɗa manhajar, sai kwamfaila ta sa umarnin paciasp mai buga hatimi a farkon aiki, ta sa autiasp mai tantance shi kafin komawa. Ayyukan da ba sa kiran kowa ba a buga musu hatimi, sai an rubuta pac-ret+leaf.

Wurin da ake yawan sakaci shi ne tabbatarwa. An ajiye waɗannan umarni biyu cikin rukunin da tsohon furosesa yake tsallakewa kamar ba a rubuta komai ba, don haka manhaja za ta yi aiki lafiya lau a tsohuwar na'ura alhali babu wata kariya a kanta. A fara da objdump -d, mai nuna umarnin da ke cikin manhajar da aka haɗa, a ga ko umarnin sun fito, sannan a duba /proc/cpuinfo ko akwai paca, alamar cewa na'urar tana tallafa wa tsarin, domin Linux ta fara tallafa wa wannan tsari ne daga sigar 5.0 a 2019. Idan an ƙara -march=armv8.3-a, kwamfaila na iya amfani da retaa, umarnin da ya haɗa tantancewa da komawa, wanda tsohon furosesa bai sani ba, kuma manhajar za ta faɗi a kansa.

Abin da aka rubuta da hannu a harshen asembuli kuwa, kwamfaila ba ta taɓa shi. Mai rubutun ne zai sa paciasp da autiasp da kansa, tare da .cfi_negate_ra_state bayan kowannensu, in ba haka ba kayan bin sawun kuskure za su ɗauki adireshi mai hatimi a matsayin lalatacce.

Hatimin kansa gajere ne: a Linux mai adireshi na bit 48, bit 7 kawai yake samu. Tun da fork, wato hanyar da manhaja mai gudana take haifar da kwafin kanta, ba ya sauya mabuɗi, sabar da take haifar da sababbin kwafi ta haka bayan kowace faɗuwa tana ba mai kutse damar yin ta gwadawa har ya dace, saboda haka ya kamata a sa ido kan yawan faɗuwar irin wannan saba.